An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Daren Laraba, 27 ga watan Agusta, 2025, na fito daga gidan kallon ƙwallon unguwarmu ban yi wa kowa sai da safe ba. Grimsby Town, ƙungiyar da ke rukuni na huɗu a Ingila, wadda rabin mutanen ɗakin ba su taɓa jin sunanta ba sai a ranar, ta yi waje da Manchester United daga gasar kofin Carabao. An tashi biyu da biyu, aka tafi bugun fenariti, aka yi ta bugu har layi ya kai kan masu tsaron raga, aka sake zagayowa, aka ƙare 12 da 11. A bakin ƙofa samari sun yi cincirindo, kowa da wanda yake tsinewa. Wannan ya ce a kori koci tun kafin gari ya waye, wancan ya ce Onana ne ya sayar da mu. Wani dattijo da ke zaune a bencin mai shayi, wanda ya fara bin ƙungiyar nan tun ana jin wasa a rediyo, ya dubi mai ihun ya ce, "Yaro, tun 2013 kuke korar koci. Wanne kuka kora gidan ya gyaru?" Yaron ya ce, "Baba, to ya za mu yi?" Dattijon ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Ni ma mai goyon bayan United ne, kuma tambayar dattijon ce ta hana ni barci. Abin da na tarar bayan na yi ta juya ta a raina shi ne mun shekara goma sha biyu mun bar jaki muna dukan taiki. Kociyoyin suna da laifinsu, 'yan wasan ma haka, zan kuma faɗi na kowa. Amma masu kulob ɗin da mutanen da suka ɗora a ofis su ne suka ɗauko kociyoyin, su ne suka sa hannu a cinikin 'yan wasan, kuma su kaɗai ne ba a taɓa sallama don an sha kashi ba.

Mu fara daga 2005, domin ruwa ba ya tsami banza. A shekarar ce iyalan Glazer na Amurka suka sayi kulob ɗin kan kusan fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin bashi ne suka ciyo, kuma babban kaso na bashin a wuyan kulob ɗin aka rataya shi, kulob ɗin da kafin zuwansu ba a bin sa irin wannan bashi. Ka ɗauka, mai karatu, wani ya zo sayen shagonka a kasuwa, ya je banki ya karɓo kuɗi, ya ba da shagon jingina, sannan ya ce daga cinikin shagon za a riƙa biyan bashin da kuɗin ruwansa, shi kuma a riƙa aika masa da riba gida. Abin da aka yi ke nan. Masu bin diddigin asusun kulob ɗin sun ƙiyasta cewa abin da ya fita a kuɗin ruwa da biyan bashi da rabon ribar hannun jari ya haura fam biliyan ɗaya, kuma har yau bashin yana nan, ɗaruruwan miliyoyi. Mutanen Manchester sun gane tun da wuri. A 2005 wasunsu suka yi fushi suka kafa tasu ƙungiyar, FC United of Manchester. A ranar 2 ga watan Mayu, 2021, magoya baya suka kutsa cikin Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Mu da ke nesa muna ta faɗa a kan wa ya kamata ya buga lamba tara.

Shekara takwas Sir Alex Ferguson ya rufa musu asiri. Mutum ɗaya yana horarwa, yana zaɓen 'yan wasa, yana tsawatarwa, yana sanin yaron da ke tasowa a makarantar kulob. Ya tafi a watan Mayun 2013 da kofin Firimiya na goma sha uku a hannunsa, na ashirin ga kulob ɗin, da tazarar maki goma sha ɗaya. A daidai lokacin David Gill, babban jami'in da suka daɗe suna aiki tare, shi ma ya sauka. Duk mai hankali ya san idan ginshiƙai biyu za su fita lokaci guda sai an tokare rufin. Wa aka ba ragamar? Ed Woodward, tsohon ma'aikacin banki da ya taimaka wa iyalan Glazer wajen tsara cinikin 2005. Gwani ne wajen samo kamfanonin talla, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma shi ne ya gaya wa masu hannun jari a 2018 cewa abin da ake yi a fili ba ya tasiri sosai ga kasuwancin kulob ɗin. Idan mai riƙe da jakar kuɗi ya yarda a ci a sha kashi kuɗi zai shigo, me zai tayar masa da hankali ranar Asabar? Sai a watan Maris na 2021, shekara takwas bayan tafiyar Ferguson, United ta naɗa daraktan harkokin ƙwallo na farko a tarihinta.

Ga abin da rashin tsari ya haifar a kasuwar 'yan wasa. A bazarar farko, 2013, an yi ta bin Fabregas har kasuwa ta kusa tashi, sannan a ranar ƙarshe aka ɗauko Marouane Fellaini daga Everton kan fam miliyan 27.5, alhali a kwantiraginsa akwai sharaɗin da zai ba da damar ɗaukarsa da fam miliyan 23.5 da an zo kafin ƙarshen watan Yuli. Kocin da ya so shi, David Moyes, daga Everton ɗin ya taho. A 2014 aka sayo Angel Di Maria kan fam miliyan 59.7, ya yi kaka ɗaya aka sayar da shi ga PSG da faɗuwa. Paul Pogba ya bar kulob ɗin a 2012 ba a samu wani abin kirki ba, aka dawo da shi a 2016 kan fam miliyan 89, mafi tsada a duniya a lokacin, ya sake tafiya kyauta a 2022. Alexis Sanchez ya zo a watan Janairun 2018 da albashin da ya rikita ɗakin 'yan wasa, ya ci ƙwallo biyar a wasa 45. Jadon Sancho, da aka shekara ana zawarcinsa, ya zo a 2021 kan fam miliyan 73. A 2025 Chelsea ta gwammace ta biya tarar fam miliyan biyar da ta saye shi bayan ta karɓe shi aro.

Cinikin 2022 shi ya fi nuna yadda ake aiki a gidan. An ɓata bazara guda ana lallashin Frenkie de Jong na Barcelona, wanda bai taɓa nuna yana son zuwa ba. Aka fara kaka, Brighton ta ci, Brentford ta zura huɗu kafin hutun rabin lokaci. Tsoro ya kama ofis, aka ruga kasuwa da buhun kuɗi. Cikin makonni uku aka ɗauko Casemiro mai shekara talatin kan kusan fam miliyan 60 da kwantiragin shekara huɗu, aka ɗauko Antony daga Ajax kan fiye da fam miliyan 80. Duk ɗan kasuwa ya san mai saye da ya shigo yana haki ba a yi masa ragi. Antony ya ci ƙwallo 12 a wasa 96, an kuma sayar da shi ga Real Betis a farkon watan Satumban 2025 kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ba.

Sayarwar ma ba a iya ba. Scott McTominay, ɗan gida da ya taso a makarantar kulob, an miƙa shi ga Napoli a 2024 kan kusan fam miliyan 25. A kakarsa ta farko ya ɗauki kofin Italiya, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Anthony Elanga ya tafi Nottingham Forest kan fam miliyan 15, bayan shekara biyu Newcastle ta biya kusan 55 a kansa. Dean Henderson, da aka ce bai isa ya tsare raga ba, shi ya tare fenariti ya taimaki Crystal Palace ta doke Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA na 2025. Idan mutum ɗaya ya bar gidanka ya yi ƙiba, sai a ce dace ne. Idan duk wanda ya fita sai ya murmure, duk wanda ya shigo sai ya rame, to a duba tukunyar gidan.

Yanzu kociyoyi. An ba Moyes kwantiragin shekara shida, aka sallame shi cikin wata goma. Shi ma ya jawo wa kansa, domin yana zuwa ya kawar da mataimakan Ferguson da suka san gidan. Louis van Gaal ya zo da ƙwallon riƙewa da miƙe-miƙe har mutane na gyangyaɗi, ya ci kofin FA a 2016, bayan kwana biyu aka kore shi. Jose Mourinho ya zo da tsare gida da kai farmakin ba-zata. Ole Gunnar Solskjaer ya gina ƙungiya mai gudu da matasa, ta zo ta biyu a 2021, sai aka ɗora masa Cristiano Ronaldo mai shekara 36, tsarin ya watse, Liverpool ta ci biyar da nema a Old Trafford, Watford ta ci huɗu, aka sallame shi. Ralf Rangnick ya zo riƙon ƙwarya da alkawarin zai zauna ya ba da shawara na shekara biyu. Da ya faɗi gaskiya cewa kulob ɗin tiyatar zuciya yake buƙata, shawarar ba ta kai ko'ina ba. Erik ten Hag ya zo aka sakar masa mara ya yi ta ɗauko yaran da ya taɓa horarwa: Lisandro Martinez, Antony, Onana, De Ligt, Mazraoui.

Duba jerin da kyau. Babu biyu a jere da suke buga ƙwallo iri ɗaya. Kowane koci ya tarar da 'yan wasan da aka saya wa wanda ya gabace shi, ya ce ba su dace da shi ba, a sayo masa nasa, kafin su saba a kore shi. Tufka da warwara ke nan, da kuɗin da ya haura fam biliyan ɗaya da rabi tun 2013. Ƙungiyar da ta san kanta ita ke yanke irin ƙwallon da za ta buga, sannan ta nemo kocin da ya iya shi. A United koci ne ke zuwa da ɗinkinsa, a yanka kulob ɗin daidai rigar.

Kada wani ya ce min haka ƙwallo take. Brighton ta ɗauko Moises Caicedo daga Ekwado a 2021 kan abin da bai kai fam miliyan biyar ba, ta sayar wa Chelsea a 2023 kan 115. Liverpool ta sayi Andy Robertson daga Hull da ta faɗi daga Firimiya kan kusan fam miliyan takwas, ta sayar da Coutinho ga Barcelona, ta sayo Van Dijk da Alisson. Da Jurgen Klopp ya tafi a 2024, sun nemo Arne Slot wanda ƙwallonsa ta dace da 'yan wasan da ke ƙasa, ya ɗauki kofi a kakarsa ta farko. Kofi na ashirin ke nan, daidai da namu. Abin da muke taƙama da shi a gidan kallo ya tafi, kuma ba da yawan kuɗi suka kamo mu ba.

Da Sir Jim Ratcliffe ya sayi kashi 27.7 cikin ɗari a watan Fabrairun 2024, aka ba shi harkar ƙwallo, ni ma na yi murna. Ga abin da sabbin masu gyaran suka yi. Ten Hag ya ƙare a na takwas, sannan ya doke City a wasan ƙarshe na kofin FA. Suka zagaya suna ganawa da wasu kociyoyi duniya na ji, suka dawo suka ƙara masa shekara guda, suka kashe masa kusan fam miliyan 200, sannan suka kore shi a ranar 28 ga Oktoba. Suka yi watanni suna jan-in-ja da Newcastle a kan Dan Ashworth ya zo ya zama daraktan wasanni, ya zo, bayan wata biyar ya tafi. Sallamar mutanen nan biyu ta ci fam miliyan 14.5 a lissafin kulob ɗin kansa. A daidai wannan lokaci aka sallami ƙananan ma'aikata 250, aka sanar da ƙarin kusan 200, aka soke musu abincin rana kyauta, aka mayar da tikitin wasa fam 66 ba ragi ga yaro ko tsoho. Manya su yi ɓarna, masu shara da masu sayar da tikiti su biya. Rufin Old Trafford da ya yi ta kwarara ruwa ranar wasa da Arsenal a watan Mayun 2024 duniya ta gani, amsar da aka ba mu ita ce zanen sabon fili mai cin mutum 100,000 na fam biliyan biyu.

Ruben Amorim fa? Shi da bakinsa ya ce ya so a bar shi ya ƙarasa kaka a Sporting, aka ce masa yanzu ko a fasa. Aka kawo mai tsarin 'yan baya uku a tsakiyar kaka, aka ba shi 'yan wasan da aka saya don 'yan baya huɗu. Wannan laifin ofis ne. Nasa laifin kuma shi ne taurin kai. Tela na gari yadin da aka kawo masa yake dubawa kafin ya sa almakashi. Amorim ya ci wasa bakwai cikin 27 na Firimiya a kakar 2024/25, bai kuma ci biyu a jere ba a wannan kakar, amma ya ce tsarinsa ba ya canzawa. Bruno Fernandes, wanda ya fi kowa iya ƙirƙirar ƙwallo kusa da raga, an ja shi baya yana gadi. Kobbie Mainoo, yaron da ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin FA kuma ya fara wa Ingila wasan ƙarshe na gasar Turai a 2024, ya koma ɗumama benci a lokacin. United ta ƙare ta 15 da maki 42, ta sha kashi sau 18, kaka mafi muni tun 1974 da ta faɗi rukuni na biyu. Tottenham, da ta ƙare ta 17, ta doke ta ɗaya da nema a Bilbao ta ɗauki kofin Europa. Bayan mako guda aka kwashi gajiyayyun 'yan wasa zuwa Malesiya neman kuɗi, can ma aka ci su. A bazarar 2025 an kashe kusan fam miliyan 200 a kan Cunha da Mbeumo da Sesko, dukkansu 'yan gaba, an bar tsakiya yadda take. An yi tuya an manta da albasa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce iyalan Glazer ba su yi rowa ba, ga kuɗin da aka kashe. Kuɗin kulob ne, daga tikiti da talabijin da talla da riguna, ba daga aljihunsu ya fito ba, kuma kashe kuɗi ba tare da sani ba shi ne ainihin ƙarar da nake kai wa. Za su ce an ci kofuna: FA biyu, Carabao biyu, Europa ɗaya. Gaskiya ne, kuma na yi tsalle a kowanne. Amma kofin da ake ci da wasa shida ko bakwai ba ya auna lafiyar ƙungiya kamar wasa 38, kuma kofin 2024 shi ne ya ruɗi ofis ya riƙe kocin da ya riga ya yanke ƙauna da shi. Za su ce a ba Ratcliffe lokaci. Na yarda gyara yana son lokaci, an kuma gyara filin atisaye na Carrington, an rage albashin da ya wuce hankali. Sai dai lokaci ana ba wa wanda aka ga alkiblarsa, kuma mafi yawan hannun jarin har gobe yana wurin mutanen 2005, bashin ma yana nan.

Akwai kuma masu cewa, kai da kake nan, ina ruwanka da kulob ɗin Turawa? Ruwana shi ne kuɗin shiga gidan kallo da nake biya, da datar da nake ƙonawa, da daren da nake hana kaina barci. Kamfanonin da ke zuba kuɗi a rigar United yawanmu suke saye, mu miliyoyin da ke kallo daga Afirka da Asiya. Lissafin Woodward a kanmu ya dogara: za mu ci gaba da kallo ko an ci ko ba a ci ba. Ranar da Odion Ighalo ya zo aro a 2020 mun yi murna kamar sallah, ba mu tsaya mun tambayi yadda kulob mai wannan arziki ya wayi gari a ranar ƙarshe ta kasuwa yana neman ɗan gaba na aro daga Sin ba.

Ba na cewa kowa ya canza ƙungiya. Na gwada a zuciyata, ta ƙi. Abin da nake nema ƙarami ne. Idan an sake shan kashi, kafin ka buɗe Facebook ka zagi yaron da ya ɓarar da ƙwallo, ka tambayi wa ya sayo shi, nawa, don wane tsari, kuma wanda ya sayo shi yana ina yanzu. Idan an sake korar koci, kamar yadda aka kori Amorim a 2026, kada a raba mana sabon koci mu yi ta rawa kamar yadda muka yi sau shida. Mu tambaya ko wanda za a kawo ya dace da 'yan wasan da aka riga aka saya, ko kuwa za a sake zubar da su a fara daga farko. Mu goyi bayan mutanen Manchester da ke fita zanga-zanga a kan bashin, maimakon mu riƙa yi musu dariya muna cewa su bari a yi ƙwallo.

Ɗan ƙanena an haife shi a watan da Ferguson ya ɗaga kofinsa na ƙarshe. Bana ya shiga aji ɗaya a sakandare. Ni na saya masa jar riga tun yana rarrafe, ni na cika masa kunne da labarin 1999 da na 2008. Washegarin wasan Grimsby ya same ni a zaure ya ce, "Baffa, wai da gaske mun taɓa zama na ɗaya, ko dai labari ne?" Na ɗauko waya na nuna masa teburin 2013. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wa ya ɓata ta. Na buɗe baki zan ce koci, sai na tuna da dattijon bencin mai shayi, na ce masa ya zauna, maganar tana da tsawo, daga 2005 za mu fara.